Inda Ba Ƙasa Ake Gardamar Kokawa

Bara da kaka, ana cikin ɗaurin gero, wani kawuna da ke dillancin dabbobi a kasuwar Maigatari ya wayi gari an raba shi da manhajar da yake tura saƙo da ita a waya. Wani ne ya kira shi bayan isha'i, ya gaishe shi cikin ladabi har da tambayar iyali, ya ce shi ne sabon sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, za a yi taro, a karanto masa lambobi shida da suka shigo wayar yanzun nan don a sa sunan Alhaji. Kawu ya miƙa wa yaro ya karanto. Kafin azahar ta washegari an bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da hotonsa, ana neman rancen gaggawa. Mutum uku suka tura, don Kawu ba mutumin da ake yi wa musu a kan kuɗi ba ne. Ɗaya daga cikinsu ma ba ɗan Najeriya ba ne, bafataken raƙuma ne daga wajen Damagaram, ta hannun ɗan canji ya aiko da nasa.

Kawu ya yi abin da ya saba in an taɓa shi: ya zura babbar riga ya nufi ƙofar mai gari, ni kuma ya ce in biyo shi tunda na yi boko. Mai gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da yake yi wa duk mai ƙarar cin iyakar gona ko ɓarnar shanu.

"To Alhaji, a ina abin ya faru?"

"Ranka ya daɗe, a cikin waya."

"Na ji a cikin waya. A ƙasar wa?"

Aka yi tsit. Can wani dattijo daga gefen tabarma ya ce, ai dama inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Aka yi dariya, ban da Kawu.

Na daɗe ina juya tambayar nan ta mai gari, saboda ita ce dai alƙalai a Faris da Washinton da wakilan ƙasashe a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kusan shekara 30 suna yi wa juna. Dubi lamarin Kawu kawai. Wanda aka yaudara yana Jigawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi asara yana Nijar. Layin da aka kira da shi na Najeriya ne, asusun da kuɗin suka faɗa ma haka. Kamfanin da ya mallaki manhajar yana wata nahiya, kuma na'urorin da suka san daga wace waya aka shiga, da ƙarfe nawa, suna can inda shi kaɗai ya sani. Ɓarawon kuwa yana iya kasancewa a Legas, ko a Kwatano, ko a bayan gidan Kawu. Laifi ɗaya ne, amma ƙasa aƙalla uku ce ke riƙe da guntun hujjarsa.

Lauyoyi suna da kalma a kan wannan, wato hurumi. Mu a karkara mun san hurumi tun kafin mu ji shi a bakinsu, shi ne filin da aka keɓe wa gari, wanda ba mai shiga ya sa garma sai da izni. Alƙali ma haka yake, yana da filin da maganarsa ke ci, in ya tsallake shi ya zama kamar kowa. Ƙasa kuwa tana da abin da ya fi hurumi girma, shi ne ɗiyauci. Daga ɗiya kalmar ta fito, kishiyar bawa, wanda ba mai ba shi umarni a cikin gidansa. Ƙasa mai ɗiyauci ita ke kafa doka a cikin iyakarta, ita ke hukunci, ita kaɗai ke da ikon kamu da ɗauri, wata ƙasa kuma ba ta da damar turo 'yan sandanta su yi aiki a ciki ba da yardarta ba. Masana kan kai asalin wannan tsari ga sulhun Westfaliya na 1648 a Turai, kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 kuma ya mayar da shi ginshiƙi. Duk abin a kan ƙasa ya tsaya, ƙasa ta takawa, wadda ake iya auna ta a kafa mata turke.

Wanda ya tashi a Maigatari ko Gumel ba ya bukatar a karanta masa wannan a littafi. Iyakar da ta raba mu da Damagaram, Ingila da Faransa ne suka yi cinikinta a kan takarda tsakanin 1898 da 1906, sannan masu awon ƙasarsu suka biyo baya suna kafa turaku. Ta ratsa tsakanin wa da ƙane, amma tana cizo. Da gwamnatin Buhari ta rufe ta a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023 aka sake garƙame ta, kowa ya ga yadda kara ta yi sanyi ranar Alhamis. Sai dai duk a kwanakin nan, in ka tsaya a bakin gari wayarka kan kamo sabis ɗin Nijar ba fasfo ba kwastan, hoton bijimi ya tsallaka iyaka kafin ƙiftawar ido alhali shi bijimin yana ɗaure a turke.

Irin wannan ne ya sa mutanen farko na intanet suka zaci sun gano duniyar da ba ta da sarki. A 1996 wani Ba'amurke, John Perry Barlow, ya rubuta wata sanarwa a Davos yana faɗa wa gwamnatocin duniya cewa ba su da iko a wannan sabon fili, su kama gabansu. Har gobe samari da yawa a teburin mai shayi a kan wannan fahimtar suke, ko da ba su taɓa jin sunansa ba: abin da ke cikin waya iska ne, wa zai ɗaure iska? Mafarkin bai yi nisa ba. A shekara ta 2000 wata kotu a Faris ta umarci kamfanin Yahoo ya hana Faransawa ganin kayan tunawa da 'yan Nazi da ake gwanjonsu a shafinsa, don dokar Faransa ta haramta. Kamfanin ya ce shi a Amurka yake inda doka ba ta hana ba, kuma ba shi da hanyar tsamo Bafaranshe daga cikin masu shigowa. Kotu ta kira ƙwararru, suka ce ana iya gane mafi yawansu. Farkon 2001 Yahoo ya cire kayan. Yana da reshe da kuɗin talla a Faransa, waɗannan kuwa hannu na kama su.

Shi ya sa nake ganin dattijon nan na ƙofar mai gari ya kuskure, duk da karin maganarsa ya zauna daram. Akwai ƙasa. Saƙon da ka tura daga ƙauyenku ƙarfen sabis ne ke ɗaukarsa, ƙarfen kuma yana tsaye a filin wani, yana shan man gas, yana da maigadi. Daga nan saƙon ya bi zaren gilashi da aka binne a gefen titi har Legas, ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Wayoyin MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022, 2Africa wadda Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, ke cikin manyan masu ita ta iso a 2024. A can ƙarshen wayoyin akwai rumbunan ajiyar bayanai, gine-gine ne manya cike da kwamfutoci, kowanne a cikin wata ƙasa, a ƙarƙashin wani alƙali.

Akwai kwana biyu a jere da ba na mantawa da su. Ranar Laraba 13 ga Maris 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Nijar. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ana kwanakin farko na azumi, manyan wayoyi huɗu suka lalace a teku daura da gaɓar Kodebuwa: WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Bankuna suka riƙa ba da haƙuri, masu POS suna ɗaga na'ura sama ana jiran alat ya shigo. Iyakar da ke hannun shugaban ƙasa, da magana ɗaya ya buɗe ta. Wannan kuwa sai da aka karkatar da saƙonni ta wasu wayoyin, aka yi makonni ana jiran jiragen ruwan gyara da ba namu ba. Manomin Auyo zai fahimci wannan nan take. Gonar tasa ce, ba mai ja da shi, amma ruwan da zai shayar da ita ko ya cinye ta daga Tiga da Challawa yake fitowa, maƙunnin yana can sama a hannun wasu. Haka ma littafin adireshin intanet, wanda ke sa in ka rubuta sunan shafi ka isa inda kake so: ƙungiyar ICANN ce ke kula da shi, a Kalifoniya take da rajista, kuma sai a Oktoban 2016 gwamnatin Amurka ta saki igiyar da take riƙe ta da ita.

To tunda akwai ƙasa, ta ina doka ke kamawa? Masu noman shinkafa a fadamar Haɗeja sun san ba a yaƙar jan-baki a sama, makwancinsa ake nema a yi masa feshi. Gwamnatoci ma sun koyi wannan. Ba sa bin saƙo a iska, suna zuwa inda yake sauka.

Makwanci mafi sauƙi shi ne ƙarfen sabis. Ranar 3 ga Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe ƙarafansu a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Aka ce mako biyu, abin ya ja watanni, ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Wasiƙa kawai ta wadatar, saboda lasin kamfanonin a hannun hukumar yake. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa maƙwabtan jihohi don su gaida iyaye ko su tura kuɗi, na bakin iyaka kuma suka koma laluben sabis ɗin Nijar, wanda wasiƙar NCC ba ta kai gare shi ba, kuma sabis ba ya tambayar mai riƙe da waya ko manomi ne ko ɗan bindiga. Sai layi. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kira. Duk wanda ya ga tsofaffin mata sun yi sammako daga ƙauye sun wuni a layin rajista ya san ikon gwamnati a kan waya ba wasa ba ne. Sai asusun banki, wanda Babban Banki ya gwada ƙarfinsa a kai a Fabrairun 2021 da ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin kirifto, bai janye ba sai Disambar 2023.

Makwanci na ƙarshe, wanda ya fi kowanne arha, jikin mutum ne. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda Jonathan ya sa wa hannu dab da saukarsa, an yi ta ne don masu kutse da 'yan damfara irin wanda ya kira Kawu. Amma sashenta na 24 ya fi sauran suna. A yadda aka fara rubuta shi, tura saƙon da ya zama cin fuska, ko na ƙarya da nufin ɓata wa wani rai ko damunsa, yana iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Ɓacin rai kuwa ba shi da ma'auni, kuma ran mai mulki ya fi na kowa saurin ɓaci. 'Yan jarida da masu suka ne suka fi ɗanɗanarsa. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2020 da kuma 2022, sannan a Fabrairun 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi ga saƙon batsa da na ƙaryar da aka yi don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. (Abin da ya fi isa kunnen mutanen ƙauye daga gyaran nan shi ne harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan taransifa, wanda Babban Banki ya sanar a Mayun 2024 ya kuma janye cikin 'yan kwanaki da aka yi caa.) Ko ba wannan sashen ma, tsofaffin dokokin ɓata suna sun wadatar. A Nuwamban 2022 aka ɗauki wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter a kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, aka gurfanar da shi, sai farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ɗalibai sun yi barazanar fitowa titi. A wannan watan na Nuwamba wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda sun taɓa Gwamna Ganduje.

Lura da abin da Kano ta iya da wanda ba ta iya ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar tarho da sadarwa ta iska a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Don haka Hisba da Hukumar Tace Finafinai, duk yawan ƙorafinsu a kan abin da ke yawo a TikTok, ba su da igiyar da za su ja kamfanin da ita. Mai rawar da ke zaune a cikin gari shi suke iya aika wa sammaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kanta tarayyar, in ta zo kan kamfani sai muryarta ta canja. A farkon Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya ambaci yaƙin basasa. Ranar 4 ga watan gwamnati ta dakatar da shi a Najeriya, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu zagaye haramcin, jama'a kuwa suka ruga suka sauke manhajar ɓad-da-sawu ta VPN suka ci gaba da abinsu. Kwana 222 aka yi. Ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, kuma wanda ya jagoranci kwamitin tattaunawar ya sanar da sulhun ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi na hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA. Gwamnati ta ce kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji. Abin da ake nema ke nan tun farko, a samar masa jiki a nan gida, ƙofar da za a iya buga wa sammaci. A Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ba ta kan doka. Ina ganin buƙatar rajistar daidai ce, amma hanyar da aka bi da dalilin da ya tunzura ta sun nuna inda zuciyar masu mulki take: ba a rufe kamfanin don an cuci talaka ba, sai da aka taɓa rubutun shugaba.

Shari'ar Meta ta fi kusa da abin da ya shafi mutane irin Kawu. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220, bayan bincike na wata 38, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakkiyar yardarsu ba da kuma nuna musu bambanci in aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe. A Afrilun 2025 kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. Kamfanin ya rubuta a takardun kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ka ji yadda ake magana da ƙasa mai ɗiyauci. Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 1.2 a 2023 a kan kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka, bai tafi ko'ina ba, don kasuwar ta fi ƙarfin ya juya mata baya. A Barazil, da X, wato Twitter da ya canja suna, ya ƙi naɗa wakili a 2024, alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes ya rufe shi, ya kuma riƙe asusun Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, tunda dukkansu na Elon Musk ne, kafin tsakiyar Oktoba X ya biya tara ya naɗa wakilin. Sin kuwa tun tuni ta gina ganuwa ta toshe Facebook da Twitter da Google, ta raini nata a ciki, kuma a taron Wuzhen na 2015 Xi Jinping ya ce kowace ƙasa tana da haƙƙin tsara intanet ɗinta yadda ta ga dama. A takarda duk ɗiyaucinsu ɗaya da namu. A aikace kowa gwargwadon kasuwarsa, da abin da ya gina da hannunsa, da abin da yake iya riƙewa in aka ƙi jin maganarsa.

Gaba da gabanta. Amurka ba ta bukatar ganuwa, hannunta ne ke da tsawo. A 2013 masu bincikenta suka nemi Microsoft ya ba da wasiƙun wani da ke ajiye a rumbunsa na Dublin. Kamfanin ya ce wannan ƙasar Ailan ce, sammacin Amurka ba ya ci a can, har aka kai kotun ƙoli. Kafin a yanke hukunci, a Maris 2018 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD, wadda ta ce kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Amurka dole ya ba da abin da ke hannunsa ko a ina ya ajiye shi. Ma'ana, bayanan ɗan Ringim da ke hannun irin waɗannan kamfanoni sun fi kusa da alƙalin Amurka fiye da alƙalin Dutse.

Tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa, a nan ne karin maganar dattijon ya fi kama da gaskiya. A 2013 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa dokar ƙasa da ƙasa tana aiki a intanet, a 2015 ya ƙara da ladubba 11 da ba dole ba ne a bi su, kamar kada ƙasa ta bari da saninta a yi amfani da na'urorin cikinta a cuci wata. Yadda dokar za ta yi aiki shi ne har yau ba a gama ba. In sojan wata ƙasa ya tsallako Maigatari da bindiga, an keta ɗiyauci, ba gardama. In ma'aikacinta yana zaune a ofishinsa ya kutsa cikin kwamfutocin Babban Banki ya kwashi bayanai ba tare da ya fasa komai ba fa? A 2018 babban lauyan gwamnatin Birtaniya, Jeremy Wright, ya ce ɗiyauci shi kaɗai ba doka ce da irin wannan kutse ke karyawa ba, sai in ya kai ga katsalandan na tilas ko amfani da ƙarfi. Faransa ta saɓa masa a 2019. A Janairun 2024 Kwamitin Sulhu da Tsaro na Tarayyar Afirka ya fitar da matsayar nahiyar, cewa duk shigar da wata ƙasa ta yi cikin na'urorin wata ba da izni ba haramun ce. Ba abin mamaki a nan. Mai dogon tsani ba ya son a hana leƙen katanga, mai gajeriyar katanga shi ke roƙon a hana. Afirka tana da dalili: a 2018 jaridar Le Monde ta ruwaito cewa an yi shekaru ana kwashe bayanai da dare daga hedikwatar Tarayyar da ke Adis Ababa, wadda Sin ta gina, zuwa Shanghai. Sin ta musanta. Ga kuma matsalar shaida. Harin da ya durƙusar da shafukan Estoniya a 2007 an zargi Rasha, cutar kwamfuta ta Stuxnet da ta lalata injinan nukiliyar Iran an danganta ta ga Amurka da Isra'ila, ba gwamnatin da ta taɓa cewa ni ce.

Yarjejeniyoyi akwai su. Ta Budapest ta 2001, wadda Najeriya ta shiga a 2022, ta tsara yadda 'yan sandan ƙasashe za su taimaki juna wajen neman hujja. Ta Malabo, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2014, sai da ta yi shekara tara kafin ƙasa 15 su tabbatar da ita ta fara aiki a Yunin 2023. A Disambar 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sabuwa wadda Rasha ta faro maganarta, masu kare haƙƙin ɗan'adam na tsoron gwamnatoci za su riƙa farautar 'yan adawarsu da ita a ƙasashen juna. Duk hanyoyin nan ta ofisoshin ministocin shari'a suke bi, takarda ta tafi ta dawo. Ba a taso su don kuɗin ɗan maraƙi.

Kwanan baya wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ya ce mini, "Yaya, maganin abin nan ɗaya ne, a tilasta musu su ajiye bayananmu a nan gida." Yana da hujja. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje, kuma gini ba ya gagara, ga rumbun bayanai na kamfanin Galaxy Backbone nan a Kano. Na ce masa ya tuna da ɗalibin Dutse. Nisan nan da ya hana a kamo ɓarawon Kawu, shi ne kuma yake hana mai mulkin da aka soka ya ɗaga waya ya ce a kawo masa sunan wanda ya yi rubutun da adireshin gidansu. In aka matso da rumbu kusa, an matso da shi kusa da hannu biyu, na mai neman haƙƙi da na mai neman fansa, kuma mun san wanda ya fi saurin kaiwa. Ina goyon bayan a matso da shi, da sharaɗin a sami alƙalin da sai da takardarsa za a buɗe, wanda kuma yake iya cewa a'a ya kwana a gidansa lafiya. Duk jami'in da na ji yana maganar ɗiyaucin Najeriya a intanet, abin da nake saurara shi ne a kan wa yake nufin a gwada ikon. Gwada shi a kan kamfani yana bukatar lauyoyi da injiniyoyi da haƙurin shekaru. Gwada shi a kan yaro mai waya mota ɗaya yake bukata da 'yan sanda biyu.

Kawu dai ya kai ƙara wani ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce a jira. Bankin da kuɗin suka faɗa ya ce an kwashe su tun a ranar, kuma ba zai faɗi mai asusun ba sai da umarnin kotu. Manhajar ta dawo hannunsa bayan kwanaki, ƙanen nan nawa ya sa mata lambar sirri ta biyu ya kuma gargaɗi yaran gida kada wanda ya sake karanta wa baƙo komai. Mai gari ya yanke abin da ke cikin huruminsa: Alhaji ya biya rabi tunda daga gidansa ƙofa ta buɗu, waɗanda suka tura kuɗi ba su kira sun ji muryarsa ba su yafe rabi. Bafataken Damagaram ya karɓi nasa da sefa ranar wata Alhamis, a gaban ɗan canjin da ya aiko ta hannunsa, suka yi musafaha suka shiga kara tare. Lambar da aka kira Kawu da ita kuwa, shekaranjiya na gwada, har yanzu tana shiga.